Farin Waken da Ya Rage a Tukunyata

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi a Malesiya, kuma yawancinsu yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma ranar da ƙwayar wake guda ɗaya ta shiga tsakanina da maigidana a gaban jama'a, wannan kam ko tsufa ya cinye ni ba na jin za ta bar kaina. Mun dawo gida tuni, yara sun fara girma, amma har yau in abin ya faɗo mini sai in rasa dariya zan yi ko tsaki.

Karatu ne ya kai mu Kuala Lumpur, ni da shi da yaranmu biyu. Shi yana digiri na uku a kimiyyar siyasa, ni ina na biyu a fannin lafiyar al'umma, muna zaune a wani dogon bene a Pantai Dalam, ba nisa da jami'a. Binciken Malam, haka nake kiransa, a kan mulkin mutanen Girka na zamanin da ne, musamman birnin Atina. Kada ma ka kuskura ka kira birnin da sunan da Turawa ke kiransa a gabansa, nan take zai gyara zama ya sanar da kai cewa masu garin ba haka suke faɗa ba. Ni ban taɓa taka ƙasar Girka ba, shi ma bai taɓa ba, amma a gidanmu Atina ta fi Kano kusa. Da ita muke karin kumallo, da ita muke cin tuwon dare. In na ce masa gas ya ƙare, sai ya ce wannan ya tuna masa da yadda mutanen Atina suke raba aikin gari. Ƙaramar 'yarmu har ta taɓa tambayata ko Atina ƙanwar babanta ce.

Ban shiga ajinsa ba, amma dole na haddace karatun. Na san cewa a Atina 'yan gari suna taruwa a kan wani tudu su yanke magana da ɗaga hannu. Na san suna da majalisa ta mutum ɗari biyar, kuma ba zaɓensu ake yi ba, ƙuri'a ake yi irin ta asali, wadda mutum zai ɗauka ido rufe, wanda ta faɗa wa shi ne. Shekara guda zai yi ya sauka, sannan a titsiye shi ya faɗi abin da ya aikata. Masu yanke shari'a ma da ƙuri'a ake fitar da su. Shugabannin yaƙi ne da wasu 'yan muƙamai kawai ake zaɓa, don yaƙi ba a yi masa canki-canka. Abin da ya fi burge Malam shi ne, a wajen mutanen nan zaɓe hanya ce ta masu hali da masu dangi da masu baki, ƙuri'a kuwa ita ke daidaita attajiri da mai gyaran takalmi. Kuma da wake suka fara yi, fari da baƙi. In ya kawo nan sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Kowa ya isa ya yi mulki. Kowa!" Ni kuma in ce, "Haka ne Malam, ci tuwonka kada ya huce."

To mu ɗaliban Arewa da ke garin muna da ƙungiya. Aikinta ba wani mai girma ba ne, amma mai amfani ne: tarbar sabon ɗalibi a filin jirgi, nema masa ɗaki kafin ya san gari, haɗa cin abincin Sallah, tsayawa in an yi rashin lafiya ko rasuwa. Sai dai shugabancinta yana da wani garɗi, domin duk babban mutumin da ya zo daga gida, shugaba ne ke tsayawa kusa da shi a hoto. Saboda haka duk shekara zaɓenmu yaƙi yake komawa. Kanawa a gefe guda, sauran jihohi sun haɗe kai a ɗaya gefen, a yi ta jan mutane zuwa shagon mamak, wato gidajen abincin nan na Indiyawa Musulmi, ana cika su da shayi da gurasarsu da ake kira roti. Bayan zaɓe kuma a yi watanni wasu ba sa gaisawa da wasu a masallaci. Mutanen da suka tsallake teku neman ilimi ke nan fa, wasu har da furfura.

Malam ya tsaya takara sau biyu, sau biyu yana shan kaye. Matsalarsa ita ce a Kano aka haife shi amma mahaifinsa Bakatsine ne, don haka Kanawa suna ce masa ɗan Katsina, sauran kuma suna ce masa Bakano. Abin ya ci masa rai ƙwarai, na sani, don ni nake kwana da tsakinsa. Bayan kaye na biyu ne ya gano cewa ba shi ne ke da matsala ba, zaɓe ne ke da matsala, kuma Girkawa sun faɗi haka tun fiye da shekara dubu biyu.

Shugaban da zai sauka a wannan shekarar wani dattijo ne, malamin jami'a daga gida wanda ya zo digiri na uku da farin gemunsa, kowa Baba yake ce masa. Bawan Allah ya gaji da sasanta rigima. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam ya jawo shi gidanmu. Na kawo musu abinci, na koma kicin, na bar ƙofa a buɗe.

"Dokta," in ji Baba, don haka suke kiran Malam tun bai gama ba, "wato kana so mu miƙa shugabancin ƙungiya ga wake?"

"Baba, ba waken ne zai zaɓa ba. No campaign, babu ɓangare, babu shayin mamak. Kowa ya sa hannu ya ɗauka. Mutanen da suka ƙirƙiro dimokuraɗiyya haka suka yi, su a ganinsu ma zaɓi ne daga sama."

Baba ya shafa gemu, sannan ya ce, "To ai ƙuri'a ba baƙuwa ba ce a addininmu. In haka ne ma ya fi. Wanda Allah Ya ba shi ke nan, babu mai cewa an yi masa maguɗi. Boleh, in ji 'yan Malesiya, na yarda Dokta, a gwada."

Da Baba ya kai maganar gaban 'yan ƙungiya kowa ya amince, saboda kowane ɓangare ya lissafa yawan mutanensa ya ga cewa sa'a tana gefensa.

Daga ranar gidanmu ya koma hukumar zaɓe. Malam ya je shagon wani Basine ya sayo waken suya, baƙi da fari, don girmansu ɗaya ne, hannu ba zai bambance su ba. Ya so a samu tukunyar ƙasa irin ta Girkawa, da bai samu ba sai ya ɗauke tukunyar miyata, ya ɗaura mata wani tsohon kallabina a baki yadda hannu zai shiga ido bai gani ba. Tsarin mai sauƙi ne: a zuba baƙin wake daidai yawan mutanen da suka zo, a cire ɗaya a sa fari a madadinsa. Wanda ya ɗauko farin, shi ne shugaba.

Duk wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne da ya ciro farar shaddarsa, wadda yake ajiye da ita don ranar karɓar digiri, ya ce in goge masa. Sannan ya shirya jawabin kama mulki. Mutumin da ya shawo kan jama'a cewa babu wanda ya san inda ƙuri'a za ta faɗa, shi ne kullum bayan la'asar yake tsayawa a tsakiyar falo, ni ina zaune ina tsinke alayyahu, yana yi mini jawabi kamar ni ce taron. Ya maimaita shi har na fi shi iyawa, in ya manta layi ni nake tuna masa.

Wata rana na ce, "Malam, mu mata ma za mu ɗauka?"

"Sosai ma kuwa. Ba ɗalibai ba ne ku? Dole a ga an yi dimokuraɗiyya."

"To in ya faɗo kan mace fa?"

Ya yi dariya har da buga cinya. "Maman yara ke nan. Ku nawa ne duka-duka?"

Gaskiyarsa, ba mu da yawa. Na ci gaba da tsinke alayyahuna.

Ranar Asabar bayan azahar aka yi taron, a ɗakin taro na ƙasan benenmu, ana ta tsuga ruwan nan na Kuala Lumpur da ba ya neman izinin kowa. Maza a gaba, mu mata a baya kusa da kulolin abinci. Malam ya sha farar shadda, hula ta zauna daram. Har da baƙo ya gayyato don taron ya yi armashi, wani dattijon Bagirke da ya zo koyar da injiniyanci na ɗan lokaci a jami'armu. A ɗakin karatu suka haɗu, kuma tun daga ranar Malam bai bar shi ya sha iska ba. Mutumin kirki ne, mai fara'a, amma tun shigowarsa na lura hankalinsa ya fi karkata ga dambun shinkafar da na yi fiye da tarihin kakanninsa.

Malam ya yi lacca mai tsawo a kan Atina, ya ƙirga waken a gaban kowa, ya jefa farin a ciki, ya girgiza. Sai aka tsaya a kan wa zai zaga da tukunyar. Kanawa suka ce ba su yarda ɗan wancan ɓangaren ya riƙe ba, su ma 'yan can suka ce ba su yarda Bakano ya riƙe ba. Baba ya waiwayo baya ya ce, "A ba matar Dokta. Tukunyarta ce, kuma ita mace ce, ba ta da ɓangare." Kowa ya ce haka ne. Na gyara mayafi na rungumi tukunya.

Ban taɓa ganin manyan mutane sun ruɗe a kan wake ba sai ranar. Wannan ya yi bisimilla, wancan ya tofa addu'a a tafin hannu, wani ya daɗe yana laluben ciki har sai da aka ce, "Haba malam, cepat lah, yi sauri mana, ba kifi kake kamawa ba!" Duk wanda ya ciro sai ya buɗe hannu kowa ya gani. Baƙi. Baƙi. In Bakano ya ciro baƙi sai wancan gefen ya yi ajiyar zuciya, in nasu ya ciro sai Kanawa su murmusa. Da na iso gaban Malam ya dube ni ya ɗan kashe mini ido, ya naɗe hannun riga, ya tura hannu da natsuwa irin ta wanda ya san abin da ke jiransa. Ya buɗe. Baƙi ne wuluk. Ya tsura masa ido kamar zai sake launi. Wallahi na tausaya masa, don na san guga nawa shaddar nan ta sha.

Na gama da maza, babu fari. Na koma baya wajen mata, suna ɗauka suna dariya ƙasa-ƙasa, su ma duk baƙi. Wani daga gaba ya ɗaga murya ya ce, "Dokta, anya ka sa farin kuwa?" Na girgiza tukunya, sai ga ƙarar ƙwaya ɗaya tana yawo a ciki. Baba ya ce, "Saura wa?" Aka yi ta waige-waige, har da masu leƙa waje ko wani ya fita alwala. Sai wata ƙawata da muke aji ɗaya ta ce, "Baba, saura mai tukunya."

Ni wallahi na manta da kaina. Na sa hannu na ciro, ban ma buƙaci dubawa ba, amma na buɗe. Ga shi nan fari tas a tsakiyar tafina.

Bari in faɗi gaskiyar abin da ke raina a wannan lokacin: ba na so. Ina da bincike a gabana, ina da yara biyu, ina da kicin. Wa zai je filin jirgi tarbar ɗalibi ana ruwa? Na riga na haɗa maganata, zan ce na gode, amma a sake, a ba maza. Har na buɗe baki. Da an ba ni daƙiƙa kaɗan, da yanzu babu wannan labarin.

Sai wani mai son ya burge ya miƙe zumbur ya ce, "Point of order, Baba! Tunda tsarin Girkawa muke bi, a bi shi duka. Ga ɗan ƙasar nan a zaune, a tambaye shi, su mata suna shiga?"

Aka fassara wa baƙo. Ya ajiye cokali, ya goge baki, ya ce shi fa yau ne ya fara ganin an yi wannan abu da idonsa, a makaranta kawai ya karanta. Ya ce su yanzu majalisa gare su da jam'iyyu da firaminista, kuma suna rigimar zaɓe fiye da tamu, wake kuwa miya suke yi da shi. Ya ƙara da cewa a yanzu haka ma shugabar ƙasarsu mace ce, majalisa ce ta zaɓe ta. "Amma in tsohuwar Girka kuke tambaya," ya nuna Malam, "ga mai ita nan. Ni a sabuwar aka haife ni." Ya koma kan dambunsa.

Ido ya koma kan Malam. Baba ya ce, "To Dokta, kai ne malaminmu. Mene ne hukuncin?"

Na san amsar, shi ma ya san na sani. Amma na san kuma yana da hanyoyi da yawa. Zai iya cewa Atina daban, mu daban. Zai iya cewa shi da bakinsa ya ce mata su ɗauka. Zai iya yin shiru ma, ya ce tunda iyalinsa ce bai kamata ya sa baki ba, kuma kowa zai yaba masa da kunya. Na dube shi, ina jira ya dube ni. Bai dube ni ba. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya irin ta lacca, ya ce, "To, in za a bi tarihi tsakani da Allah, a Atina mata ba sa shiga ƙuri'a. Abin da ya fi dacewa shi ne a sake."

Ba ƙarya ya yi ba. Da ƙarya ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, shekara da shekaru ina jin "kowa ya isa, kowa ya isa" a kan tuwon da na tuƙa, ashe ni ba na cikin kowa. Kuma don me? Don a mayar da wake tukunya ya sake gwada sa'arsa. Na ji kunya, na ji haushi. Bakin da na buɗe don in ce ba na so, sai na rufe shi. Hannuna ma na rufe shi a kan waken nan, ƙam.

Ban san lokacin da muryata ta fito ba. Na ce, "Malam, ka ƙarasa karatun mana. Ban da mata, su wa kuma ba sa shiga?"

Sai a lokacin ya dube ni. Ya ce a hankali, "Bayi."

"Sai kuma?"

"Sai baƙi. Wanda ba ɗan gari ba, ko shekara nawa ya yi."

"To Baba," na ce, "a duba ɗakin nan a nuna mini ɗan gari. Dukanmu da bizar karatu muke zaune. In Atina za a bi duka, sai mu tashi mu ba masu gadin benen nan ɗakinsu, su ne 'yan gari."

Na san ba wata hujja ce mai ƙarfi ba, ko a lokacin na sani. Amma dariyar da ta tashi ta fi hujja aiki. Mata suka hau tafi, ƙawata tana cewa, "Wallahi ba a sakewa!" Bagirken da aka fassara masa ya yi dariya har ya ƙware da zoɓo. Baba ya bubbuga tebur ya ce, "Ni dai da bakina na ce wanda Allah Ya ba shi ke nan, kuma ban ce wa Allah ga irin wanda zai ba ba. Amma tunda an yi magana, mu ma mu ɗaga hannu irin na mutanen Dokta. Masu son a sake, hannu sama."

A nan na ga siyasa tsirara. Hannuwa sun tashi da yawa da farko. Sai Kanawa suka waiga suka ga 'yan wancan gefen ma sun ɗaga, suka tuna cewa in an sake farin zai iya faɗawa can. Su ma can suka yi wannan lissafin. Kowane ɓangare ya ga gara matar da ba ta da ɓangare da a ba abokin hamayya. Hannuwa suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kwashe shanya. Kada wanda ya ce muku adalci ne ya ba ni kujerar nan, tsoron juna ne. A ƙarshe hannu ɗaya ya rage a sama, cikin farar shadda. Da ya ga shi kaɗai ne, sai ya karkatar da shi a hankali ya sosa ƙeya.

Baba ya ce, "Shi ke nan. 'Yata, bismillah, zo ki yi wa jama'arki magana."

Na fito gaba, tukunya har yanzu a hannuna, kaina babu komai. Me zan ce? Jawabi ɗaya kawai na iya a duniya. Sai na ajiye tukunya, na fara shi daga farko, yadda na saba ji ina tsinke alayyahu: cewa mulki amana ce da ke zagayawa, cewa yau ba ɓangare ne ya yi nasara ba, ƙungiya ce, cewa wanda ya yarda a mulke shi yau shi ne ya cancanci ya yi mulki gobe. Har wurin da yake tsayawa don a yi tafi na tsaya, kuma aka yi. Na saci kallon Malam, sai na ga leɓɓansa suna motsi suna bina, bai ma sani ba. Da na gama wani ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Dokta, ashe Madam haka ta iya magana? Ka riƙa koyo a wajenta." Malam ya ce, "Alhamdu lillahi," da wata murya da ban taɓa jin sa da ita ba.

Muka hau sama, ni da tukunya, shi da kulolin abinci. Kwana da kwanaki gidanmu babu Atina, shirun har ya fara damuna. Ban yi masa gori ba, shi ma bai ba ni haƙuri ba. Na so ya ba ni, ba zan ɓoye ba, na jira har na gaji. Abin da ya yi shi ne, ranar da aka fara kira cewa sabon ɗalibi ya sauka kuma ina da aji, sai ya ɗauki lema ya ce, "Ranki ya daɗe, wane jirgi ne?" Na faɗa masa, ya tafi. Na karɓi wannan a matsayin abin da ya samu.

Na yi shekarata. Ban yi abin a-zo-a-gani ba, ban kuma ɓata komai ba. An tarbi baƙi, an ci abincin Sallah a tabarma ɗaya, manya sun zo daga gida na tsaya kusa da su a hoto, Malam yana riƙe da waya yana cewa mu matso. Da wa'adina ya cika, 'yan ƙungiya suka haɗu baki ɗaya, abin da ba su taɓa yi ba, suka ce a koma zaɓe irin na da. Ba wanda ya sake ambaton wake.

Yanzu Malam babban malami ne a jami'a, ya zama Dokta na gaske. Kwanakin baya aka gayyace shi ya yi jawabi a wani taro a kan mata da shugabanci, na raka shi, aka zaunar da ni a sahun gaba. Ina zaune sai na ji ya ɗauko labarin nan. Ya ce shi ba a takarda kawai ya tsaya ba, ya taɓa gwada tsarin Girkawa a ƙasar waje, ƙuri'a ta faɗa kan mace, mutane suka so su yi gardama, amma aka tsaya tsayin daka har ta yi mulkinta. Ya nuno ni, aka juyo ana tafi. "Aka tsaya," haka ya ce, bai faɗi wanda ya tsaya ba. Ban kuma ga alamar yana jin ya rage wani abu ba, na yi imani haka yake tuna ranar. Na miƙe na ɗan rusuna na zauna. A mota ya tambaye ni yaya na ga jawabin, na ce ya yi kyau, don ya yi.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, son adalci a baki ba shi da wuya, Girkawan da suka fara shi ma sun bar matansu a gida suka tafi tudu suna maganar daidaito. In kana so ka san gaskiyar mai wa'azin adalci, ka jira ranar da adalcin zai tsallake shi ya faɗa kan wanda bai taɓa sawa a lissafi ba. Ni kuma na daina saurin cewa ba na so. Ban san ina da haƙƙi a kujerar nan ba sai da mutumin da na fi yarda da shi ya miƙe ya ce ba ni da shi.